Kwamfutata ta tsaya a grub rescue: wane fayil ne yake tada kwamfuta?

Ɗan_Samaru19:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina cikin damuwa. Jiya bayan isha'i na ga faifan kwamfutata ya kusa cika, sai na shiga Disk Management na goge sashen da na sa Ubuntu, wata babbar manhaja ta Linux da ke zaune gefen Windows, tun muna aji biyu, a tunanina na gama da shi. Na ci gaba da rubutuna lafiya lau har sha ɗaya, na kashe na kwanta. Yau da asuba na kunna, sai baƙin allo da farin rubutu, wai error: no such partition, a ƙasa kuma grub rescue. Windows ɗin da ban taɓa ba ita ma ta ƙi tashi. Na kai wa wani mai gyara, ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce sai dai fomat. Babi uku na furojet ɗina suna ciki, kuma ranar Litinin zan kai wa sufabaiza. Don Allah wane fayil ne yake sarrafa tashin kwamfuta? In na san shi ko zan iya gyara shi da kaina. HP ce, tsohuwa, ta hannu na saya.

Bazazzagiya_Kongo:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, in tana hannun mai gyaran je ka karɓo abarka yanzu. Kada ka yarda da fomat. Rubutunka yana nan inda ka bar shi, hanyar isa gare shi ce kawai ta toshe.

Kwangila07:
boot.ini ake ce masa. Yana cikin C, a ɓoye yake. Ka buɗe shi da Notepad ka share layin Ubuntu, shi ke nan. Na sha yi wa mutane.

Injiniya_PZ:
Ɗan'uwa Kwangila07, abin da ka faɗa gaskiya ne a zamanin Windows XP, amma ba yanzu ba. boot.ini abokin NTLDR ne, kuma tun daga Windows Vista aka yi ritayarsu. Abin da ya gaje su shi ne BOOTMGR da wani fayil mai suna BCD, shi kuwa Notepad ba ta karanta shi, da umarnin bcdedit ake taɓa shi. Sannan ta yaya zai buɗe Notepad alhali injin bai tashi ba?

Ɗan_Samaru19, babu fayil ɗaya da yake tada kwamfuta. Miƙa hannu ake yi, wannan ya ba wancan. Kana danna makunni, abu na farko da yake farkawa wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin madabod, BIOS ko UEFI. Ita za ta duba RAM da kibod da allo ko suna nan lafiya, sannan ta bi jerin da aka tsara mata, ko faifai za ta fara nema ko filasha. A tsohon tsarin BIOS, abin da take karantawa a faifai bayit 512 ne kacal na farkon farko, shi ake kira MBR. A cikinsu 446 ɗan umarnin tada inji ne, 64 jadawalin sassan faifai, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa faifan nan ana iya tashi daga gare shi. Ka ga wuri ne ɗan mitsitsi, ba abin da zai ɗauka sai kwatance.

Ranar da ka sa Ubuntu, GRUB, manhajar da ke tada Ubuntu ta kuma ba ka zaɓin shiga Windows, ya zauna a wannan wurin. Amma ƙafarsa kawai ke nan, sauran jikinsa da jerin zaɓin da kake gani kullum suna cikin folda /boot/grub, a sashen da ka goge. To ya farka, ya nemi gida ya tarar an rushe, shi ne ya tsaya yana jiran ka gaya masa inda zai nufa. Windows ba abin da ya same ta, wanda ke kiranta ne ya ɓata.

Kwangila07:
Na karɓi gyara, Injiniya. Ni a XP na koyi aiki, kuma gaskiya tun lokacin ban sake bibiya ba.

Ummu_Hanwa:
Ka gwada danna F9 da zarar ka kunna, tunda HP ce. Tawa ta taɓa yin irin haka, na zaɓi Windows Boot Manager ta wuce abinta.

Ɗan_Samaru19:
Na karɓo ta, Yaya Bazazzagiya. Na kuma danna F9 yadda Ummu_Hanwa ta ce. Babu wani Windows Boot Manager, sunan faifan kawai ya fito da na DVD.

Injiniya_PZ:
To wannan ya nuna a tsohon tsari aka sa maka Windows. Ta Ummu_Hanwa a UEFI take, shi ya sa dabarar ta yi mata aiki. A UEFI ba a rububin bayit 512. Akwai wani ƙaramin sashe da aka yi wa fomat ɗin FAT32, kowace babbar manhaja da foldarta a ciki. Ta Windows tana da bootmgfw.efi, ta Ubuntu tana da shimx64.efi da grubx64.efi, madabod kuma tana riƙe da sunayensu a ƙwaƙwalwarta. In ɗaya ya lalace sai ka zaɓi ɗayan. A naka kuwa kujera ɗaya ce, wanda ya zo ƙarshe shi ke kai.

Maganinka: samo filasha mai Windows 10, ka tashi daga gare ta, kada ka danna Install, ka zaɓi Repair your computer, ka shiga Command Prompt ka rubuta bootrec /fixmbr. Umarnin tada inji kawai yake sake rubutawa, ba ya taɓa jadawalin sassa, balle fayilolinka.

Baba_Maigyara:
Allah ya yi muku albarka 'ya'yana. Ina karanta ku ina tuna farkon shigata wannan sana'a a Sabon Gari, lokacin da DOS, babbar manhajar da ta riga Windows, ke mulki. Wanda ya yi tambayar nan, da a zamaninmu ya yi ta, da amsa a tafin hannu take. Fayil biyu ne muke wasa da su, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT. Inji zai loda IO.SYS da MSDOS.SYS, ya karanta CONFIG.SYS ya ga direbobin da zai ɗauka, ya kira COMMAND.COM, shi kuma ya bi AUTOEXEC.BAT layi bayan layi kamar ɗalibi yana biya allonsa. CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT ɗin rubutu ne zalla, ka buɗe ka karanta da idonka, ka ga inda kuskure yake.

Babban yaƙinmu a lokacin kilobayit 640 ne. Nan ne ƙwaƙwalwar da manhajoji ke iya amfani da ita kai tsaye, kowane direba ka loda sai ya gutsuri rabonsa. Sai ka wuni kana sauya jerin layuka, ka sa HIMEM.SYS a sama, ka rubuta DOS=HIGH, don ka samo 'yan kilobayit ɗin da manhajar lissafin wani ɗan kasuwa za ta buɗe. Akwai wata rana da na yi kuskuren harafi ɗaya a sunan direban maus, na kwana biyu ina zargin maus ɗin, har na sa aka sayo sabo. Daga ranar na ɗauki al'adar da har yau ban bari ba: kafin in taɓa kowane fayil na tashi, sai na kwafe shi na ajiye da wani suna. Kuma a aljihun rigata kullum akwai filofi mai tada inji, yadda yanzu kuke yawo da filasha.

Abin da ke damuna da BCD ɗin nan shi ne an rufe wa yaro ido. Ba zai buɗe ya gani ba, sai dai ya haddace umarni ya rubuta bai san me ya canza ba. Shi ya sa masu gyaran yanzu da yawa ba su da magani sai fomat.

Bazazzagiya_Kongo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma a Linux har gobe a buɗe abin yake. /etc/default/grub rubutu ne zalla, /etc/fstab ma haka. Duk mai son ganin yadda inji ke tashi zai gani.

Sadauki_Linux:
Tsaya tukuna jama'a, kafin ya yi fixmbr. Ɗan_Samaru19, bayan ka goge sashen, ka faɗaɗa C a kansa ko kuwa ka bar shi fili? Kuma akwai abin da kake buƙata a ɓangaren Ubuntu?

Ɗan_Samaru19:
Ban faɗaɗa ba, na ce sai da safe. Yana nan da baƙin layi a kansa. Rubutun furojet yana D. Amma yanzu da ka tambaya gabana ya faɗi, don lambobin manhaja da na rubuta da harshen Python na babi na huɗu a Ubuntu suke. Na ɗauka na kwafe su, ban da tabbas.

Sadauki_Linux:
Alhamdu lillahi da ba ka faɗaɗa ba. Goge sashe ba ya share abin da ke cikinsa, sunansa kawai aka cire daga jadawalin nan da Injiniya ya ambata. Muddin ba a rubuta komai a wurin ba, TestDisk, wata manhajar dawo da sassan da aka goge, yana iya gano inda sashen ya fara da inda ya ƙare ya mayar da shi. In ya dawo, akwai kyakkyawan zaton GRUB zai ga gidansa ya tashi kamar da, ka samu Windows da Ubuntu gaba ɗaya. Ni shawarata ka fara da wannan. Ka tashi da filashar Ubuntu, ka zaɓi Try Ubuntu, ka kwashe babukanka daga D zuwa wata filashar, sannan ka sa TestDisk.

Injiniya_PZ:
Ban ƙi ba, amma ina tsoron TestDisk a hannun wanda bai saba ba. Yana nuna tsofaffin sassa da yawa, musamman a faifan inji na hannu da aka sha yi wa fomat kafin ya iso Najeriya. In ya zaɓi wanda ba shi ba ya danna Write, sai D ɗin ma ya ɓace masa. Yaro yana da Litinin a gabansa. Ya tada Windows ya kai babukansa, in ya samu natsuwa ya nemi lambobinsa, tunda fixmbr ba zai taɓa filin ba.

Sadauki_Linux:
In ya shiga Windows ya ga fili a zaune, hannu zai yi masa ƙaiƙayi. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Malama_Gyallesu:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, tunda masana sun taru. Tawa ma manhaja biyu ce. Duk ranar da na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. A azumin da ya wuce ina aikin makin jarrabawa da dare, na duba agogon kwamfuta na ga huɗu saura, na ce akwai sauran lokaci. Ashe biyar ta kusa. Ko ruwa ban gama sha ba na ji masallacin unguwa ya kira assalatu. Wannan ma daga fayilolin tashi ne?

Bazazzagiya_Kongo:
Malama, ba daga GRUB ba ne, saɓanin fahimta ne tsakanin su biyun. Agogo ɗaya ne a jikin madabod. Linux tana ajiye lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, a cikinsa, in za ta nuna miki sai ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya. Windows kuma tana ɗauka abin da ta tarar a agogon shi ne lokacin gari, sai ta nuna shi yadda yake. Ki buɗe taminal a Ubuntu ki rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ki gyara agogo sau ɗaya a Windows. Zai zauna.

Malama_Gyallesu:
Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Shekara guda ina fama.

Ɗan_Tudunwada:
In agogo yana komawa shekarun baya gaba ɗaya kuma, wannan batirin madabod ne ya mutu, ɗan fefen nan CR2032. A wasu injinan in ya mutu har saitin BIOS yake komawa na masana'anta, sai inji ya ce bai ga faifan tashi ba alhali faifan lafiyarsa lau. Kuma yanzu da hunturu ya shigo, wanda tasa ta kama ƙara tit tit ba hoto, ya zare RAM ya goge ƙura ya mayar kafin ya zargi Windows. Inji bai ma kai ga faifai ba a wannan matakin.

Kwangila07:
To ni tambayata, tunda na yi kuskure a boot.ini, mene ne takwaransa a Ubuntu? Na ga ana cewa grub.cfg. Shi ake gyarawa in ana so Windows ta zama ta farko a jeri?

Sadauki_Linux:
Shi GRUB yake karantawa, amma ba shi ake gyarawa ba. In ka buɗe /boot/grub/grub.cfg, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe kada a taɓa shi, domin ƙera shi ake yi, ba rubuta shi da hannu ba. Duk lokacin da sabon kanel, wato zuciyar Linux, ya sauka za a sake ƙera shi, gyaranka ya bi ruwa. Wurin gyara shi ne /etc/default/grub. GRUB_DEFAULT ke faɗin wanda zai tashi in ba ka zaɓa ba, kuma daga sifili yake fara ƙirga, ba daga ɗaya ba, nan mutane ke ruɗewa. GRUB_TIMEOUT kuma daƙiƙan jira ne. In ka gama sai sudo update-grub. In ka manta wannan, ba abin da zai canza. A tsohon GRUB ne ake gyara menu.lst da hannu, kafin Ubuntu 9.10 ta koma GRUB 2.

Kuma aikin bai ƙare a GRUB ba. Shi yana loda kanel ne tare da initramfs, wani ƙaramin ƙunshi mai direbobin da ake buƙata don a iya buɗe faifai. Kanel ya kira manhaja ta farko mai lamba 1, wadda a da init ce mai karanta /etc/inittab, yanzu kuwa systemd ce, Ubuntu ta koma kanta tun 2015. Ita ke tada sauran, intanet da sauti da allon shiga.

Hajiya_Bizines:
Ni /etc/fstab ne ya taɓa ba ni wahala. Ina da shagon buga takardu da fotokofi, akwai inji ɗaya da muke tara ayyukan ɗalibai a ciki. Ƙanena ya ƙara layi a fstab don faifan waje ya riƙa hawa da kansa. Wata rana na tafi da faifan gida, da safe yarinyar shago ta kunna, inji ya tsaya yana ƙirga daƙiƙa 90, daga nan ya faɗa emergency mode. Lokacin kare furojet ne, ɗalibai sun yi layi har bakin titi, kowa da takardarsa a cikin injin. Na hau acaɓa na koma gida na ɗauko faifan, ina soka shi na sake kunnawa ya tashi. Daga baya ƙanen nawa ya ƙara kalma ɗaya a layin, nofail, ma'ana in ba ka ga faifan ba wuce abinka. Tun ranar bai sake tsayawa ba.

Baba_Maigyara:
Kin gani ko, Hajiya. Kalma ɗaya, kuma kin iya ganinta da idonki. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya_PZ:
Baba, ranka ya daɗe, ina tare da kai rabi. Amma bcdedit in ka rubuta shi shi kaɗai yana zayyano maka duk abin da ke cikin BCD, wane sashe, wane winload, daƙiƙa nawa. Ba a rufe yake ba, ƙofar ce daban. Kuma ka tuna yawan injinan da aka kawo maka da NTLDR is missing saboda wani ya ga fayil a C bai san shi ba ya goge. Ajiye su a sashen da ba ya fitowa a My Computer ya rage wannan sosai.

Baba_Maigyara:
Wannan kam gaskiya ne, na ci abinci da NTLDR ba kaɗan ba. Amma har yanzu na fi son abin da zan karanta.

Ummu_Hanwa:
Ƙarin bayani ga Ɗan_Samaru19, in ka tashi da filashar Ubuntu ka ga D ya buɗe amma ya ƙi karɓar rubutu, kada ka tsorata. Fast Startup ne. Tun Windows 8, in ka danna Shut down ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana ajiye wani ɓangare nata a faifai don ta yi saurin tashi, Linux kuma in ta ga haka sai ta buɗe faifan don karatu kawai. Kwafa dai za ka iya, kuma ita kake buƙata.

Ɗan_Samaru19:
Jama'a Allah ya saka muku. Abokin ɗakina yana da filashar Ubuntu. Na tashi da ita, D ya buɗe, babukana uku suna nan cif, na kwafe su a filasha biyu na kuma tura wa kaina ta imel. Sai yanzu na iya cin abinci. Na duba foldar da nake zaton na kwafe lambobin Python, tsohon kwafi ne na wata biyu da suka wuce. Don haka ina buƙatar sashen nan ya dawo. Yanzu na rasa wanda zan fara, fixmbr ko TestDisk.

Sadauki_Linux:
Tunda babukan sun tsira, TestDisk. Ka yi Analyse, sannan Quick Search. In ya nuna sashe mai suna Linux, ka hau kansa ka danna P, zai nuna maka foldodin ciki. Daga nan ma kana iya kwafe foldar lambobinka zuwa filasha ba tare da ka rubuta komai a faifan ba.

Injiniya_PZ:
In kwafa kawai zai yi da P ɗin, na yarda. Write ɗin ne ban yarda ya danna shi kaɗai ba. Kuma ka lura, kada ka sauke abin da ka kwafo a kan faifan kwamfutar, filasha za ka nuna masa.

Kwangila07:
To in ya samu lambobinsa, kuma har yanzu yana son cire Ubuntu, yaya ake yi ba tare da an faɗa wannan ramin ba?

Injiniya_PZ:
A tsohon tsari, a fara mayar wa Windows kujerarta da fixmbr, a kunna a tabbatar tana tashi ita kaɗai, sannan a goge sashen. A UEFI kuma a shiga saiti a ɗora Windows Boot Manager a sama tukuna.

Bazazzagiya_Kongo:
Ni da zai ji tawa da bai cire ba. Inji ne tsoho mai MBR, Windows 11 tana neman UEFI da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, ga Windows 10 an tsayar da tallafinta ranar 14 ga Oktoba 2025. Ubuntun da yake son korewa ita za ta riƙe masa injin nan gaba. Ya sayi faifan waje ya rage kaya kawai.

Malama_Gyallesu:
Amma a sashen karatunsu Word suke karɓa, kuma LibreOffice, takwaransa a Ubuntu, yakan wargaza tsarin shafi. Ya gama furojet tukuna.

Baba_Maigyara:
Ɗana na Samaru, kada ka yi TestDisk ɗin nan da batir kaɗai, ka jira a kawo wuta ko ka je inda ke da janareta. In ka ga jerin sassan ya fi uku ko huɗu, ɗauki hoton allon ka sa mana a nan kafin ka danna komai, da girman kowanne a jiki. Sashen Ubuntun naka gigabayit nawa ne, ka tuna?

Ɗan_Samaru19:
Sittin ne Baba, ko da ɗan ɗoriya. Yanzu babu wuta a unguwarmu, batir ya kai 30. Da an kawo zan sa hoton in sha Allahu.